Gwaggo Mai Goro da Zangon da Ruwa Ya Ci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar da Gwaggo ta rasu, wasu masu zuwa gaisuwa sai da suka fara zuwa tsohon Zango. A kasuwa suka ji labari, ƙafa kuma ta kai su inda ta saba. Suka tarar da fili fetal, ba gida ba masallaci, sai wata katafila a ajiye. Suka shiga tambaya, wani ya tura su unguwar Cissin, wani ya ce su gwada ta Dapoya. Kafin su gano mu a bayan gari, inda gwamnati ta yanka mana filaye bayan rusau, an riga an kai ta makwancinta. Da a Zango ta cika, da layinmu bai ɗauki jama'a ba. A nan kuwa tabarmin da muka aro ko cika ba su yi ba.

Waɗanda suka zo ɗin dai sun yi mata kuka na gaskiya. Wani tsohon direba, mutumin Nijar, ya zauna bakin ƙofa yana share hawaye da hularsa, wai shekara da shekaru duk sanda ya sauka Wagadugu ita ke ajiye masa tuwo. Maƙwabciyarmu Bamoshiya, wadda a Hausa ko "zo in kashe ki" ba ta ji, ta kawo bokitin zom-kom, ruwan garin geron da suke tarbar baƙi da shi, ta durƙusa ƙofar ɗakin tana ta maimaita "Yaaba, Yaaba", yadda suke kiran kakanninsu. Tsofaffin matan Zango da suka rage kuma suka zauna gefe guda suna jan carbi suna yabonta.

Ɗaya ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ta riƙe 'ya'yan mutane, ita ko ɓari ba ta taɓa yi ba."

"Ba ta bar baya ba," in ji wata. "Haka Allah ya rubuta mata."

Duk suka gyaɗa kai. Ina tsaye da faranti a hannu, magana ta zo mini har maƙogwaro, amma gidan makoki ba wurin gardama ba ne. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, maganar da na haɗiye ba ta bari na in sake. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Gwaggo ta haihu.

Yayar mahaifina ce. Ba a nan aka haife su ba, a tsohon zangon Kete Karaci ne, cikin ƙasar Gana, kan hanyar fataken goro. Can ta yi auren fari, can ta haifi ɗa namiji. Ya fara tafiya kenan ƙyanda ta ɗauke shi. Auren bai yi nisa bayan haka ba, sai wani kawunsu ya taho da ita da mahaifina Wagadugu. Ta sake aure a Zango, Allah bai sake ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu ya bar ta. Daga baya aka ji an datse kogi a Gana, ruwa ya taso ya shanye tsohon garin nasu, da kasuwa da masallaci da maƙabarta.

Sau ɗaya tak na ji zancen yaron a bakin mahaifina. Na ce yaya sunansa, ya yi ta sosa ƙeya, ya ce shi kansa yaro ne a lokacin, ya manta. Gwaggo kuwa ba a tambayarta. Matan zamaninsu ba su kiran sunan ɗan fari, ba su ɗaukarsa a gaban mutane, in ya mutu ma a ciki suke kukansa. Kowa ya san wannan kunya, amma Gwaggo ta ɗauke ta da zafi fiye da kowa. In zance ya matse ta sai ta ce "na wajen Karaci", ta kau da kai. Ni da ba ita ta haife ni ba, riƙona ta yi bayan rasuwar uwata, sunana bai taɓa hutawa a bakinta ba. Tun asuba take kwala mini kira, har maƙwabta suka haddace shi. Ina yarinya haushi abin yake ba ni ƙwarai.

Sana'arta gyaran goro. In fatake sun sauke huhun goro a Zango sai a aika a kira ta. Ta shimfiɗa buhu, ta miƙe ƙafa, ta kwance ganye, ta bi goron ɗaya bayan ɗaya da yatsu, tana hira, ko kallonsa ba ta yi. Mai sankara ta jefa hagu, lafiyayye dama, ta yayyafa ruwa, ta sake naɗewa da sabon ganye. Alhazan Kano masu taƙama ba ta raga musu. Wani ya taɓa ce mata ta yi sauri, ta ce, "Alhaji, in sauri kake so ka koma sayar da gyaɗa." Goron da ya ɗan taɓu amma bai lalace ba nata ne, shi take ƙullewa a haɓar zane tana raba wa duk wanda ta gamu da shi. Ba a rabuwa da Gwaggo baki fari.

Shekarar da aka rushe Zango gwiwoyinta suka fara gardama. Wata rana ta tashi garau ta share tsakar gida, wata rana ko bakin ƙofa ba ta kaiwa. Likita ya ce a nemo mata keken guragu don ranakun da ƙafa ta ƙi. Na samo na hannu a kasuwa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wa ya gurgunce a gidan ga?" Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Daga baya ta yarda, amma da sharaɗi. In za mu biki ko gaisuwa, in tura ta har kusa da gidan, mu ɓoye keken bayan katanga, ta shiga da ƙafarta tana dogara sanda, tana fara'a, gumi na tsattsafo mata don azaba. Jakina take ce masa, kuma zagin da take yi masa ko jakin gaske bai sha irinsa ba.

A sabon wurin ba fatake, ba huhu, ba mai aikowa a kira ta. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma ba su san ko ita wace ce ba. Sai ta wuni a gindin katanga tana kallon hanya. Kewa ta kama ta, ni ma ta kama ni, don in na dawo daga kasuwa inda nake sayar da atamfa sai in tarar da ita yadda na bar ta.

Wata rana da la'asar ina tsintar shinkafa ta ce, "Ke, zango biyu na yi a duniya. Ɗaya ruwa ya ci, ɗaya katafila."

Na ce, "Allah ya bar mana ku, Gwaggo."

"Ba zai bar ni ba, bai bar kowa ba. Saurara. Duk wanda ya san sunan na wajen Karaci ya mutu, saura ni. Ran da na tafi an gama da shi, kamar ba a taɓa yin shi ba. Ko a addu'a ba mai ambatonsa."

"To ku faɗa mini mana. Ga ni, ga kunnena."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. "A nan? Haka kawai, kina tsintar shinkafa? An ce akwai jirgin ruwa da ke bi ta kan garinmu. Ki kai ni. In na tsaya a kansa bakina zai buɗe, ke kuma ki riƙe."

Na yi ta kawo dalilai, nisa, iyaka, ƙafa. Ta bar ni na gama, washegari ta kira dillaliya ta sayar da tasoshin jerenta. Rigimar da ta rage ta keke ce. Ita ta ce ba za ta shiga ƙasarsu a kan jaki ba, ni na ce ko da shi ko a fasa. Muka kwana biyu kowa na hura hanci. Ranar tafiya na sa aka ɗaure shi a saman mota tare da buhuna, ta yi kamar ba ta gani ba.

Daga Wagadugu muka yi Tamale, daga Tamale Salaga, muka tsallaka zuwa Yeji inda jirgin ke tsayawa. Shi jirgin ba ya da ranar alkawari, sai ya zo ka gan shi. Wata mata a zangon Yeji ta ba mu ɗaki muka zauna jira. Rannan da safe na farka ban ga Gwaggo ba, ga keke a jingine. Hankalina ya tashi, na fita nema. A bakin kasuwa na same ta, ta miƙe ƙafa gaban wani mai goro da ba ta taɓa gani ba, ta kwance masa huhu tana ta jefa hagu da dama, tana yi masa faɗa wai ya bar kayansa na shan iska. Mutumin na tsaye baki buɗe. Rabon da in ga fuskarta haka tun muna Zango.

Ranar da jirgin ya zo kuwa ƙafar ta ƙi, gwiwoyin sun kumbura suntum. Jirgin babba ne, fari, duk tsatsa, ana ta loda masa doya. A sama akwai ɗakuna masu gado, amma matakalar a miƙe take, ba ta keke ba ce, sai muka nemi wuri a ƙasa cikin mata masu fataucin doya. Bakin ruwan taɓo ne, ƙafafun keken suka nutse, na tura na tura har ɗankwalina ya faɗi. 'Yan dako suka zo suka ɗauke ta cak da keken duka, suka bi da ita kan katako. Na zaci za ta mutu don kunya. Sai na ji tana ce musu, "Ku bi a hankali, samari, amarya ce." Suka fashe da dariya, ta ba kowa goro.

A cikin jirgin na ga wata Gwaggo da ban sani ba. Hausarta ta ƙuruciya ta dawo, irin ta zangunan Gana, tana hira da matan nan kamar tare suka tashi. Ƙofar bayi ba ta cin keke, sai dai in goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya tsorata ni. Tana bayana ta ce, "Na goya ki, kin goya ni, mun yi canjaras." Amma duk wadda ta tambaya gidan wane da gidan wane na tsohon Karaci, sai ta girgiza kai. Duk bayan ruwa aka haife su. A hankali hirar ta ragu.

Da aka ce mun kusa, ta sa na ɗebo ruwa ta yi alwala, ta canja farin zane, ta sa kwalli, ta shafa turare. Na tura ta bakin ƙarfen da ya kewaye jirgin. Ruwa ne iya ganin ido, sai kawunan busassun itatuwa da suka leƙo nan da can. Ta ce maƙabartar tana gabas da zango, gindin wani babban rimi. Na tare wani ma'aikacin jirgi mai jin Hausa na tambaye shi ina tsohon gari yake. Ya miƙa hannu ya share ruwan duka da shi.

"Duk nan ne, Hajiya, daga nan har can. Ni ma ji na yi."

Gwaggo ta ce, "Ɗaga ni."

"Gwaggo, yau ƙafar ba ta tashi. Ku yi daga zaune, Allah na ji."

"Na wajen Karaci da ƙafafuna ya san ni. Ɗaga ni, na ce."

Na ɗaga ta. Ta kama ƙarfen da hannu biyu, na rungume ƙugunta ta baya, ina jin yadda jikinta ke ɓari. Tun da ba mu san wane itace ne rimin ba, ta ce ba za ta zauna ba sai itatuwan sun ƙare, duk inda yake dai ta wuce shi a tsaye. Ta yi wa mutanen maƙabarta sallama, ta yi musu addu'a, muryarta ras. Sannan ta ja numfashi. Na kawo kunnena kusa.

"Kai," ta ce. "Kai..."

Injin jirgi na ta aikinsa.

"Kai, yaron nan."

Matan doya sun taso sun tsaya bayanmu suna kallo. Na juya na kore su da ido da baki, suka watse. Na ce, "Ba kowa, Gwaggo, daga ni sai ku." Leɓunanta na motsi, ina gani, amma ba abin da ya fito. Muka wuce itace, muka wuce wani. Hawaye na zubo mata, ba ta saki ƙarfen ta share ba. Haka ta tsaya har itatuwan suka ƙare, rufin kwanon sabon gari ya bayyana, gwiwoyin suka saki, na zaunar da ita.

"Na zo har kansa, na kasa," ta ce.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kunyar wa kuke ji a nan? Kifi? Mun sayar da tasoshi, mun ƙetare ƙasa, na goya ku, don ku zo ku ce 'kai'?"

Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce, "Yana rarrafowa ya kama zanena, sai in janye, don uwar mijina na kallo. Ran da aka fita da gawarsa ina daka, ban aje taɓarya ba, aka yi ta yabona. Bakin da aka ɗaure tun ina yarinya, yau kike so in kwance?"

Ta fito da sauran goron da muka taho da shi, ta ce in raba wa mutanen jirgin sadaka. Masu karɓa na tambaya ta wa ce, ina ce musu ta wani yaro ce. Da jirgin ya tsaya sabon Karaci ko kallon garin ba ta yi ba, ta ce wannan ba garinsu ba ne. Muka ci gaba har Akosombo, inda tafiyar ruwan ke ƙarewa. Duk sauran hanyar ta sa na juya keken yana kallon baya, ba ta ci ba, ba ta yi hira ba. Ina zaune kusa da ita cikin mutane da doya da kaji, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Muka dawo gida da sunan yadda muka tafi da shi. Ta koma gindin katangarta, ta daina ɓoye keken, biki ma ta daina zuwa. Ni kuma na daina tambaya. Na sa a raina yaron ya tafi kenan.

Bayan damina autata ta haihu, haihuwar fari, namiji, ta zo gidanmu wanka. Yarinyar Wagadugu ce ta gaske, 'yar lakwal, wato boko, magana ɗaya sai ta fara da Hausa, ta bi ta Faransanci, ta ƙare da Moshanci. Ana jibi suna Gwaggo ta aika a kira mijin. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ka sa wa yaron ga suna?"

"Ina ta shawara, Kaka. Ina ga sunan babana zan sa."

"Babanka ba ya da takwara?"

"Yana da su wajen yayyena."

"To ka ba ni wannan."

Ya dube ni, na dube shi. Yaron kirki ne, ya ce, "Na ba ku, Kaka."

Ta ce a miƙo mata jaririn. Ta ɗora shi a cinya, nan kan keken, ta ja mayafi ta lulluɓe kanta da shi baki ɗaya. Daga ciki ta ce wa uban ya kawo kunnensa jikin mayafin, ni kuma in fita. Na fita, na laɓe bakin ƙofa, ban ji komai ba. Can ya fito, na tare shi.

Ya ce, "A kunnen jaririn ta faɗa, ba ni ta gaya wa ba. Amma na ji."

Na ce mene ne, ya ce ta hana shi, in jira ranar suna kamar kowa.

Ranar suna mutane ba su da yawa, amma sanƙiran tsohon Zango ya zo a kan ɗan babur ɗinsa, mobilet, ya tsufa amma muryar na nan. Da liman ya shafa fatiha sai sanƙiran ya ɗaga murya kamar duk Zango na tsaye a ƙofar gida: "Sunan yaro Idirisu! Idirisu! Allah ya raya Idirisu!" Na ruga ɗakin Gwaggo. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta toshe bakinta da zane, kafaɗunta na rawa. Na ja mata ƙofa na fito.

Ba ta taɓa kiran jaririn da sunan ba, "mai suna" take ce masa, kuma in da baƙi ba ta ɗaukarsa. Uwarsa kuwa ba ta san wata kunyar ɗan fari ba. Daga safe har yamma, "Idirisu, mon bébé! Idirisu, ka ƙoshi? Idirisu, regarde Maman!" Gwaggo ta yi ta tsaki. Wata rana muna zaune tsakar gida, jaririn na barci a cinyar uwar, ita ko tana ta kiransa tana taɓa masa kumatu, Gwaggo ta ce, "Ke, ba ki da ta ido? Ɗan fari ne fa. A zamaninmu da yanzu an yi da ke a gari."

Yarinyar ta ji kunya, ta ce, "Pardon, Kaka," ta daina kiran. Ina yanka kuɓewa, Gwaggo na kallon hanya. Ba a jima ba ta gyara zama a kan keken, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Sake kiransa. Ina ga bai ji ba."

Ta rasu jaririn na rarrafe. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya hutar da ita daga ciwon ƙafa, ya kai ta inda za ta kira na wajen Karaci da bakinta, ya amsa.